Kunne Ya Girmi Kaka: Koya Wa Yara Jin Turanci Ta Hanyar Wasanninsu

 

A cikin saƙonnin da kuka ajiye a ƙarƙashin rubutun makon jiya, akwai wanda ya tsaya mini a rai. Wata baiwar Allah daga Sandamu ta ce ɗiyarta tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma Turanci na cikin darussan da take cin maki mai kyau a jarrabawa. To, da Sallah kawunta ya zo daga Abuja, cikin raha ya tambaye ta da Turanci abin da take yi idan ta samu lokacin hutu. Yarinya ta sunkuyar da kai, ta yi shiru. Da aka rubuta mata tambayar a takarda, nan take ta gane. Uwar ta ce: "Anti nas, kunya ce, ko kuwa makin nan da nake gani na banza ne?"

'Yar uwa, makin ba na banza ba ne, kuma kunyar ma tana da dalili. Idon yarinyar ya koyi Turanci, kunnenta ne bai samu rabonsa ba. Iyaye mata da dama sun amsa mata da cewa haka nasu yaran suke, shi ya sa na ga ya dace mu ware wannan makon mu tattauna a kai.

Me ya sa abin ya matso kusa da mu

A da, in ana maganar manyan makarantun tarayya, sai a tuna Zariya ko Kano. Yau ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura tun 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ma ta Daura zai bi. Malamai, injiniyoyi da ɗalibai na zuwa daga ko'ina a Najeriya, kuma da yawansu ba sa jin Hausa. Yaron da ya taso a Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa ko Sandamu zai zauna a aji ɗaya da su, ya saurari lacca da Turanci, ya nemi aiki a wuri ɗaya da su. In kunnensa bai saba ba, a gidansu za a bar shi a baya.

Sannan ga batun manufar gwamnati. A ƙarshen 2022, lokacin Minista Adamu Adamu, an amince da koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga matakin farko. Masana harshe da dama sun nuna rashin amincewa, suna kafa hujja da irin gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci suka yi fice, har a Turancin kansa. Ko wane ɓangare kika fi karkata, abu ɗaya dai a fili yake: yaro ɗan shekara shida da ya tashi da Hausa zalla zai shiga aji ya tarar ana zuba masa Turanci. Duk abin da kunnensa bai kama ba ya wuce shi, lissafi ne ko kimiyya.

Inda gizo ke saƙa

A ajin da yara suka cika maƙil, malami ba shi da damar tsayawa ya yi hira da kowane yaro. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya rubuta a allo, su kwafa, ya fassara musu da Hausa. Yaro sai ya san kalma da ido, ya iya rubuta ta, amma bai taɓa jin yadda take fita daga bakin mai magana da sauri ba.

Jarrabawar kanta ba ta matsa wa makarantu su gyara ba. A WAEC akwai takarda ta uku ta Turanci wadda ta shafi furuci, tambayoyi 60 cikin minti 45. Ɗaliban Ghana, Gambiya da Saliyo saurare suke yi su amsa, amma a Najeriya a rubuce take zuwa, zaɓi kawai ake yi. Ke nan yaro na iya haddace alamomin sauti ya ci, alhali bai taɓa jin sautin da kunnensa ba. A JAMB ma tambayoyin Turanci 60 ne, duk a fuskar kwamfuta ake karanta su.

Ranar da rashin zai bayyana ita ce ranar ganawa baki da baki: neman shiga makarantar jinya, neman aiki, neman tallafin karatu. Mu a ɓangaren jinya mun san wannan sarai. Mai son yin aiki a Ingila sai ta ci jarrabawar Turanci irin su IELTS ko OET. A IELTS ana kunna magana ta kusan minti 30, sau ɗaya tak, a amsa tambayoyi 40, kuma hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya tana neman maki 7 cikin 9 a wannan ɓangaren. A ɓangaren hira kuwa, daga cikin abubuwan da aka saba fara tambaya akwai abin da mutum yake yi a lokacin hutunsa. Tambayar da kawu ya yi cikin wasa, ita ce wata rana za a yi wa yarinya a gaban teburin da rabonta yake.

Kafin komai, a duba kunnen

A nan sai na sa farar rigata. Ba kowane yaro da ba ya gane magana ne yake da matsalar Turanci ba. Wani kunnen ne ba ya ji sosai, ana ta kiransa daƙiƙi ko mai taurin kai. A gida yana fakewa da sabo, domin ya san Hausa, in ya ji rabin magana sai ya cike sauran. A sabon harshe kuwa babu abin da zai cike da shi.

Ki lura da waɗannan alamomi: yaro yana yawan cewa "na'am?" ko "me kika ce?", yana juyo da kunne ɗaya wajen mai magana, yana ƙure ƙarar rediyo ko waya, yana kallon bakinki in kina magana, ba ya amsawa in an kira shi ta baya, ko kunnensa yana fitar da ruwa ko mugunya. Ki gwada tsayawa a bayansa ki raɗa wata kalma, ki ce ya maimaita, ki yi ta dama ki yi ta hagu. Wannan somin-taɓi ne kawai. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ku je asibiti. In ana buƙatar likitan kunne, za a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya kauce mata. Ƙyanda, sanƙarau, hangum, shawarar jarirai mai tsanani, da ciwon kunne da aka bari ya daɗe, duk suna iya taɓa ji. Haka wasu allurai da ake yi wa yara barkatai ba tare da likita ya rubuta ba. Don haka kada ki yi wasa da rigakafin wata 9 da na wata 15. Kuma don Allah a daina sa tsinken ashana, gashin kaza ko tsinken tsintsiya a kunne, a daina ɗiga mai ko ruwan ganye. Rigakafi ya fi magani.

Me ya sa za mu fara da wasanni

Yaro ya fi saurin kama maganar da ta shafi abin da ransa ke so. Ki duba ɗanki da ke zuwa gidan kallon ƙwallo: mai sharhi Bature ne, yana magana kamar ana korarsa, amma yaron yana gane an yi kona, an ba da fenariti, rafali ya ɗaga kati. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yana ganin abin yana faruwa, yana jin sunansa, kuma abin ya dame shi. Waɗannan ukun ne sirrin.

Littattafai da shirye-shiryen da aka tsara a Turai kuwa sukan zo da abubuwan sha'awar mutanensu: zamiya a kan ƙanƙara, hawa igiyar ruwa a teku, tara kan sarki, kwana a tanti a dawa. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara a ƙasa ba, an haɗa masa kaya biyu, baƙuwar kalma da baƙon abu. Shi ya sa nake ganin a fara da namu, in ƙafarsa ta tsaya sai a kawo nasu da hoto ko bidiyo, domin su ma zai gamu da su a jarrabawa.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ita ce "hobby", wato abin da mutum yake yi don jin daɗinsa a lokacin da ba shi da aiki, ba don an sa shi ba. Lokacin hutun kansa kuma "free time" ko "leisure" suke ce masa. Ga wasu daga cikin namu da sunayensu:

Kiwon tantabaru: "keeping pigeons".
Kiwon zomaye: "keeping rabbits".
Hawan doki ko kilisa: "horse riding". Sukuwa kuwa "horse racing".
Hawan keke: "cycling".
Kokawa: "wrestling". Dambe: "boxing".
Tsallen igiya: "skipping".
'Yar gala-gala: "hopscotch".
Wasan ɓuya: "hide and seek".
Tatsuniya: "storytelling". Kacici-kacici: "riddles".
Saƙa da allurai biyu: "knitting". Ta kwarashi: "crochet".
Ɗinki: "sewing". Ɗinkin hula da surfani: "embroidery".
Kitso: "plaiting hair" ko "braiding".
Zane: "drawing". In da fenti ne, "painting".
Gasa kek da biskit: "baking".
Aikin lambu: "gardening".
Kamun kifi: "fishing". Iyo: "swimming".

Akwai wasanninmu da ba su da suna a Turanci, irin su langa, dara, carafke da gaɗa. Kada yaro ya ji kunyar kiransu da sunansu. Abin da zai koya shi ne bayani: langa wasa ne da ake riƙe ƙafa ɗaya ana tsalle da ɗayar, dara kuma ana yin ta da ramuka a ƙasa da tsakuwa ko 'yan itace. Yaron da ya iya yi wa baƙo bayanin Sallar Gani, ko Hawan Magajiya, ko labarin rijiyar Kusugu da jimloli huɗu na Turanci, ya fi wanda ya haddace kalmomi ɗari bai san inda zai sa su ba. Kuma in ya je gaban masu tambaya, amsarsa za ta bambanta da ta sauran da kowa ke cewa karatu da tafiye-tafiye.

Wani abu ƙarami da ke rikita yara: kowane wasa da kalmar da ke ɗaukarsa. Wasan da ake yi da ƙwallo ko da abokin karawa, "play" ake cewa: "play football", "play ludo". Wanda ake fita a je a yi, "go" ne: "go swimming", "go fishing". Kuma bayan "enjoy" aikin yakan zo da wutsiyar "ing", haka ma galibi bayan "like": "I enjoy drawing", "I like sewing". Kada ki wahalar da yaro da dokoki. In ya ji su a haɗe sau da yawa, a haɗe za su zauna masa, kamar yadda babu wanda ya taɓa koya masa cewa tuwo ake ci, fura ake sha.

Sautukan da ke ba Bahaushe wahala

Kalmomin da muka aro sun tona asirin inda kunnenmu ke tuntuɓe. "Penalty" ta koma fenariti domin Hausa ba ta raba "p" da "f". "Skirt" ta koma siket, "bread" ta koma burodi, domin harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakani. Wannan ba aibi ba ne, kowane harshe haka yake yi wa baƙin kalmomi. Sai dai yaro na buƙatar sanin cewa a Turanci "pan" daban, "fan" daban. "Vest" daban, "best" daban. "Three" daban, "tree" daban.

Muna kuma da wata baiwa da ba mu cika lura da ita ba. Bahaushe yana bambance gari na mutane da gari na tuwo ta hanyar jan wasali kawai. Wannan kunnen zai taimaka wa yaro ya raba "ship" da "sheep", ko "live" da "leave", abin da ke ba wasu ƙabilun wahala.

Ku mai da shi wasa. A ajiye kasko a dama, mafici a hagu. Yaya ko anti ta faɗi "pan" ko "fan", ƙanana su ruga su taɓa. Don "p", a riƙe 'yar takarda a gaban baki: in an furta daidai iska za ta kaɗa ta. Za a sha dariya, kuma abin da aka koya cikin dariya ba ya saurin gudu.

Zaman minti goma

Gidajenmu sun riga sun san wannan hanya. Yaranmu da kunne suke fara karatun allo da na Islamiyya: malam ya biya, su maimaita, gobe a yi tilawa. Ba a ba yaro shafi goma rana ɗaya. Wannan tsarin na kaɗan-kaɗan kullum shi za mu aro.

Ki zaɓi lokaci ɗaya da ba ya canzawa, misali bayan sallar Magariba kafin a ci tuwo, ko bayan Isha'i. Ki nemi magana gajeriya, minti ɗaya zuwa biyu ga 'yan firamare, uku zuwa shida ga 'yan sakandare. Kafin a kunna, ki gaya musu da Hausa a kan me za a yi magana, ku ɗan yi hira a kai. Sai a saurara sau uku.

A karo na farko babu biro babu takarda. Tambaya ɗaya ce: su wane ne ke magana, kuma a kan me? A karo na biyu ki ba su abin farauta: wasanni nawa aka ambata, wace rana, da wa ake yi? A karo na uku a riƙa tsayarwa bayan kowace jimla su maimaita da baki, suna kwaikwayon hawa da saukar murya. Sai bayan nan ne za a duba rubutun, in akwai. Wannan jerin yana da muhimmanci: in ido ya riga kunne, kunnen sai ya yi kwance ya bar wa ido aikin.

A ƙarshe a ɗauki kalmomi biyar kawai a rubuta a wani ɗan littafi, kowace a cikin jimlar da ta shafi yaron kansa. Washegari a sake kunna maganar jiya kafin a shiga sabuwa. Ranar Juma'a a yi tilawar na mako.

In babu data, a yi na gida. Duk wanda ya fi iya Turanci a dangi, ko yana Kaduna ko Legas, ya turo saƙon murya ta WhatsApp, a hankali, kamar haka:

"I live in Daura. In my free time I keep pigeons. I feed them every morning before school. On Fridays I ride my uncle's horse. My sister likes knitting. She makes caps for babies."

Sai ki tambaya da Hausa: me yaron yake kiwo? Yaushe yake ba su abinci? Dokin wa yake hawa? Me 'yar uwarsa take saƙawa? Daga baya yaro ya ɗauki tasa muryar ya mayar da amsa a kan nasa wasan.

Na san wata za ta ce, "To ni da ban yi boko mai nisa ba fa?" Hajiya, aikinki bai buƙaci Turanci ba. Ke ce mai tsayar da lokaci, mai riƙe waya, mai tambaya. Ki ce ya fassara miki abin da ya ji. Yaron da ya zama malamin mahaifiyarsa yakan buɗe kunne fiye da wanda ake yi wa jarrabawa. Abu ɗaya nake roƙo: kada a yi masa dariyar ƙeta, kada a bar yayyensa su ce yana iyayi. Wannan kalmar ta rufe bakin yara da yawa a ƙasar Hausa.

Inda za a samu abin saurare

Ga ƙanana akwai shirin "Akili and Me" na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, wanda aka yi domin yaran Afirka 'yan ƙasa da shekarun firamare. Hukumar British Council tana da shafukan LearnEnglish Kids da LearnEnglish Teens kyauta, an jera darussan saurare daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma akwai na wasanni da lokacin hutu. Ga 'yan sakandare akwai "6 Minute English" na BBC, hirar minti shida tsakanin mutum biyu, da rubutunta a haɗe. Muryar Amurka ma tun 1959 ta ɓullo da salon karanta labarai a hankali da kalmomi kusan 1,500 domin masu koyo.

Kada a manta da Turancin gida. Malamin da zai koyar da ɗanki da wanda zai yi masa tambayoyin ɗaukar aiki galibi 'yan Najeriya ne. Labaran ƙarfe tara na dare a NTA da labaran Turanci na Rediyon Najeriya suna da amfani ga manyan yara. A saurari kanun labarai da Hausa, sannan a ji su da Turanci, za su ga yadda fahimta ke sauƙi in an riga an san zancen.

Dabaru biyu na tattali. Murya zalla ba ta cin data kamar bidiyo, don haka ki sauke na mako guda a lokaci ɗaya, ku riƙa tura wa juna ta Xender ko Bluetooth da maƙwabta. A YouTube kuma akwai wurin rage saurin magana zuwa 0.75, wanda ke taimaka wa mai farawa ƙwarai.

Iyakokin da ba a tsallakewa

Waya ba ta maye gurbin mutum. A 2003 Farfesa Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da abokan aikinta sun gwada jarirai 'yan wata tara a Amurka. Waɗanda aka zaunar da su da mai jin Sinanci yana yi musu wasa har zama 12 sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa irin wannan magana a talabijin ko a kaset ba su koyi komai ba. Don haka miƙa wa jariri waya da sunan yana koyon Turanci ɓata lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Abin da jariri ke buƙata shi ne hirarki da shi, da Hausarki mai daɗi. Harshen uwa mai ƙarfi shi ne tubalin da ake ɗora na biyu a kai, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, a bar abin sa wa a kunne. Hukumar ta yi gargaɗin cewa sama da matasa biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron ƙara mai yawa, ta kuma ba da shawarar kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin 100. A ajiye wayar a tsakiyar tabarma kowa ya ji. Da haka kin kare kunnensu, kin kuma san abin da suke ji.

Na uku, ki fara saurara ko kallo kafin su. Ba duk abin da wasu ke kira shaƙatawa ne ya dace da addininmu da tarbiyyarmu ba. Ki sauke abin da kika zaɓa, ki kashe data, sannan a zauna.

Na huɗu, tunda mun ambaci iyo da kamun kifi: koyon kalmar ba izinin zuwa kududdufi ko madatsar ruwa irin ta Sabke ko Daberam ba ne. Duk damina sai an ji labarin yaran da ruwa ya ci, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance. In kika ga jini a fitsarin yaro, asibiti za a kai shi, ba alamar girma ba ce.

Tambayar da ta rage mana

Akwai yarinyar da ko da Hausa aka tambaye ta abin da take yi a lokacin hutunta, shiru za ta yi, domin ba ta da shi. Daga boko sai Islamiyya, daga nan sai wanke-wanke, ɗebo ruwa, raino, wata ma har da talla, yayin da ɗan uwanta namiji yana fili yana buga ƙwallo har Magariba. In an ce ta faɗi abin sha'awarta sai ta ce girki da shara, alhali waɗannan aiki ne aka ɗora mata. Koya wa 'ya mace aikin gida wajibi ne, babu mai musu. Amma rabin awa a rana da za ta kira nata, ta yi zane, ta yi saƙa, ta karanta labari, ta yi gaɗa da ƙawayenta, ba asara ba ce. Lafiyar jikinta da ta zuciyarta na buƙatarsa, kuma sana'o'in mata da yawa da muke gani a yau, na kek, na lalle, na ɗinki, daga irin wannan sha'awar suka faro. Sai yaro yana da abin faɗa sannan zai nemi kalmomin faɗarsa, a kowane harshe.

Aikin wannan makon ga shi: ki tambayi kowane ɗa naki, mace da namiji, abu ɗaya da ya fi son yi in an ƙyale shi. Ku nemo sunansa da Turanci, ku gina jimla uku a kai, ku yi zaman minti goma na kwana bakwai a jere. Kada ki sa ran ganin canji a kwana biyu, sannu ba ta hana zuwa.

Ina jiran ku a ƙasa. Ku faɗa mana wasannin da yaran unguwarku ke yi waɗanda ban ambata ba, da wanda kuka rasa sunansa da Turanci, mu taru mu nemo. Malaman makaranta da ke cikinmu, ku ma a taimaka mana da abin da kuka gwada ya yi aiki. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ciwon kunne a yara: abin da ke kawo shi, abin da za ki iya yi a gida, da lokacin da ya zama dole a garzaya asibiti.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa su zama sanyin idanunmu. Amin.